Gawayi, Fensir da Bututun da Ido Ba Ya Gani



Gawayin da ake girki da shi a gida da bakin fensirin da ke aljihunka duk asalinsu ɗaya ne, wato sinadarin kabon. Abin da ya bambanta su shi ne yadda ƙwayoyin zarransu suka jeru.

A cikin fensir, ƙwayoyin kabon shimfiɗe suke falle-falle, kowane falle da tsari irin na saƙar zuma. Ka ɗauka an ɗauki falle guda an naɗe shi kamar tabarma: abin da ya fito shi ne bututun kabon. Faɗinsa kan kai nanomita ɗaya ko 'yan kaɗan. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita, shi ya sa silin gashi ya fi shi kauri sau dubbai.

Masanin Japan Sumio Iijima ne ya fito da bayaninsa a 1991. Ba haƙo shi ake yi ba kamar kuzar Riruwai a Doguwa. Ƙera shi ake yi ta hanyar zafafa iskar gas mai kabon a kan ƙurar ƙarfe.

Duk da ƙanƙantarsa, ya fi ƙarfe juriya idan aka ja shi, ba shi da nauyi, kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa. Saboda haka ake zuba shi a wasu batiran lithium, irin na waya da na motocin lantarki, ana kuma gauraya shi da roba don ƙarfafa kekuna da kayan wasanni.

Masana na gwajin matata ta bututun kabon, wadda ruwa zai wuce, gishiri da ƙwayoyin cuta su maƙale. Ga mu da madatsar Tiga a Bebeji, amma ruwan sha mai tsafta har yanzu aiki ne a ƙauyuka da dama. Sai dai irin wannan matata na da tsada, kuma shaƙar ƙurar wasu nau'o'in bututun na iya cutar da huhu.

Don haka, ɗan uwa, idan malamin kimiyya ya zo kan darasin kabon, ka buɗe kunne. Masu wannan bincike ma daga irin wannan darasi suka fara.