Wa Zai Tuna Da Mazan Bama?



A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, mutum 55,573 na rundunar jiragen Ingila masu jefa bom suka rasa rayukansu. Aka daɗe ba a gina musu abin tunawa ba. Daga baya jama'a suka yi karo-karo, mai hali da talaka, har aka buɗe ginin a Landan ran 28 ga Yuni, 2012, shekara 67 bayan an gama yaƙi.

To, mu fa? Namu mazan ba jirgi suka tuƙa ba, a ƙasa suka ratsa dazuzzukan Bama. Barikin Chindit na nan Zariya ma sunan rundunar da wasu bataliyoyinmu suka yi yaƙi cikinta a 1944 ya ci. Ran nan na tambayi 'yan ajina, wace ce aka taɓa kai wani na gidansu Bama? Huɗu suka ɗaga hannu, ɗaya tak ta san sunansa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ban ce a sassaƙa mutum-mutumi ba, wannan ba namu ba ne. A haƙa rijiya, ko a gina aji guda, a kafa allo mai sunayensu. Mu matan Gyallesu da muke adashin kayan ɗaki, zubi ɗaya ba zai gagare mu ba.

Ku kuwa 'yan makaranta, naku aikin ba na kuɗi ba ne. Ku ɗauki littafi ku je wurin kaka tun tana iya tunawa. Ku rubuta sunansa, da unguwarsu, da ko ya dawo ko bai dawo ba, ku kai wa malamarku.