Idan 'Yan Sanda Suka Kama Wani Naki

Yau za mu yi magana ne a kan abin da ba ma fata, amma yakan faru: a zo a tafi da maigida ko ɗanki, ke kuma kina cikin gida, hankali a tashe.

To ki sani, sashe na 35 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda aka kama haƙƙoƙi. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu. Sai dai wannan wa'adi bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba.

Wani abin kuma, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani. Ba a tafiya da uwa don ɗanta ya gudu, ko mata don ba a ga mijinta ba. Beli kuma kyauta ne.

Idan aka take wannan haƙƙi, ki aika ɗan uwa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a jiharku, ko kotu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa.