Daniel Morelon: Zakaran Tseren Keke da Ya Reni Zakaru

Wanda bai taɓa kallon gajeren tseren keke na cikin da'ira ba, zai sha mamakin yadda ake fara shi. Mutum biyu ne a kan kekuna marasa birki, amma maimakon su fita a guje, sai ka ga suna tafiyar hawainiya, kowa na satar kallon abokin karawarsa. Wani lokaci har su tsaya cak, ƙafafu a kan feda, babu mai son shiga gaba. Dalilin kuwa iska ce: na gaba shi ke tsaga ta, na baya yana fakewa da shi yana adana ƙarfi. Agogo ma mita 200 na ƙarshe kaɗai yake ƙirgawa. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, Giovanni Pettenella na Italiya da Pierre Trentin na Faransa sun yi irin wannan tsayuwa ta fiye da minti 20.

A wannan gasar ce Daniel Morelon, ɗan shekara 20 daga garin Bourg-en-Bresse na Faransa, ya doke Trentin ɗin ya ɗauki lambar tagulla. Su biyun sun daɗe suna hamayya, kuma abokan juna ne. A 1966 suka hau keke mai mutum biyu tare suka ci kofin duniya, suka maimaita a Olamfik ta Meziko a 1968, inda Morelon ya ƙara da zinariyar gajeren tsere. Ya kare kambunsa a Munich a 1972, sannan a Montreal a 1976, inda shi ya riƙe tutar ƙasarsa, Anton Tkáč na Cekosulobakiya ya sha gabansa, ya tashi da azurfa. Tsakanin 1966 da 1975 ya zama zakaran duniya a wannan tsere har sau bakwai, a rukunin waɗanda ba su mai da keke sana'a ba.

A ganina, abin da ya bambanta shi da sauran gwanaye ya bayyana ne bayan ya sauka daga keke. Zakaru da yawa ba sa iya koyarwa, domin abin a jininsu yake, ba su san yadda za su faɗe shi ba. Morelon ya sani. Gajeren tsere dabara ce kafin ya zama ƙarfin cinya: yaushe za ka haura saman gangaren fili, yaushe za ka sulmiyo ƙasa da gudu, ta yaya za ka gane abokin karawa ya gaji tun kafin shi kansa ya ankara. Kuskuren ƙiftawar ido ɗaya ya isa ya ɓata wahalar shekara huɗu. Shi kansa ya koyi wannan a hannun Louis Gérardin, tsohon gwani, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya zama kocin ƙasa. Ƙaiƙayin tsere bai sake shi nan take ba, don ya dawo a 1980 ya samo lambobi biyu a gasar duniya ta Besançon.

Cibiyar horarwa ta Hyères da ke kudancin Faransa, wadda ya jagoranta, ita ta fitar da Laurent Gané da kuma Félicia Ballanger. Wannan baiwar Allah ta shekara biyar a jere, daga 1995 zuwa 1999, babu wadda ta ƙwace mata kambun duniya a gajeren tsere ko a tseren mita 500, ga zinariya uku na Olamfik daga Atlanta da Sidni.

Da ya bar aikin ƙasarsa yana da shekara sittin da 'yan kai, sai ƙasar Sin ta nemi taimakonsa. Ɗalibarsa Guo Shuang ta samu tagulla a gajeren tsere a gasar Olamfik ta Beijin a 2008.