Yadda horon natsuwa zai taimaki fursunoni su rabu da taba da ƙwaya

A Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar Sakkwato da ta zama unguwa mai hada-hada, mutumin da aka sallamo daga gidan gyaran hali ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya haɗu da abin da ya baro. Mai tebur yana nan da tabarsa ta kara-kara, majalisar da ya saba zama ba ta tashi ba, kuma ba a rasa abokin da zai miƙo masa wani abu da sunan barka da arziki. A nan ne tuban watanni kan rushe cikin yini guda.

Wannan matsala ce da ta shafi fiye da fursuna da iyalinsa. Ɗan kasuwar da zai ɗauke shi yaron shago, da maƙwabcin da zai bar masa ajiya, da ma'aikacin da harajinsa ke ciyar da gidan yari, duk suna da ruwa da tsaki a kan ko ya rabu da shaye-shaye ko bai rabu ba.

Girman matsalar

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan shekarar 2017 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara ɗaya. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kimanin miliyan 3. Tabar wiwi ce kan gaba, sai magunguna irin su tiramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Wannan lissafi bai haɗa da taba sigari ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara.

A 2019 ne aka yi dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, tare da ɗora mata nauyin gyara ɗabi'ar waɗanda ke hannunta da shirya su don komawa cikin jama'a. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na mazauna waɗannan gidaje masu jiran shari'a ne, ba su san ranar fitarsu ba. Cunkoso da zaman kashe wando da zullumi su ne abincin jaraba.

Kulle ba ya kashe jaraba

Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan zuƙa, ya sa mutum ya ji sauƙi. Idan aka maimaita haka sau dubbai, ƙwaƙwalwa takan ɗaure wannan sauƙi da wasu lokuta: bayan cin abinci, lokacin ɓacin rai, ganin wani aboki, ƙanshin shayi. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya zo, hannu ya nufi aljihu kafin tunani ya iso.

Ƙuncin jiki na barin taba ya fi tsanani a makon farko, sannan ya lafa cikin makonni kaɗan. Amma wancan ɗauri na ƙwaƙwalwa yana daɗewa. Shi ya sa a ƙasashen da suka haramta taba a gidajen yarinsu gaba ɗaya, an ga mafi yawan waɗanda aka sallama suna komawa gare ta ba da jimawa ba. Katanga ta raba su da taba, amma ba ta koya musu abin da za su yi ranar da suka gan ta ba.

Mene ne wannan horo?

Horon natsuwa, ko halarto da hankali, shi ne koya wa mutum ya lura da abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake gudana, ba tare da ya yi gaggawar bin sa ko kokawa da shi ba. Tushensa na zamani ya faro a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, domin marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa. Daga baya Alan Marlatt na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka daidaita shi don masu ƙoƙarin barin shaye-shaye.

Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne: sha'awar taba ko ƙwaya ba ta zama a tsaye. Takan taso, ta yi ƙarfi, sannan ta sauka cikin mintoci, ko an biya mata buƙata ko ba a biya ba. Marlatt ya kamanta ta da igiyar ruwa. Mutumin Sakkwato zai fi gane ta da guguwar rani, wadda ke tasowa ta kwashi ƙura da tsumma, ta ratsa fili ta wuce. Mashayi bai cika sanin haka ba, domin bai taɓa jira ya ga ƙarshenta ba. Kullum yakan kashe ta da kara ɗaya tun tana tasowa.

A aikace, idan sha'awar ta motsa, ana koya wa mutum ya dakata ya zauna. Ya ambace ta a ransa, ya ce ga ta nan ta zo. Ya duba inda take a jikinsa: bushewar maƙogwaro ce, ko nauyin ƙirji, ko ƙaiƙayin yatsu? Ya bi numfashinsa yana shiga yana fita. Idan tunani ya ce masa "kara ɗaya kawai," ya gane cewa tunani ne ya gifta, ba umarni ba. Duk lokacin da ya jira ta wuce bai sha ba, ɗaurin nan yana ɗan sassautawa. Haka kuma ana koya masa cewa idan ya zame sau ɗaya, bai zama dalilin yanke ƙauna ba, domin tsanar kai tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da tuntuɓe faɗuwa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A 1993 aka naɗa Kiran Bedi shugabar gidan yarin Tihar da ke Delhi a Indiya, ta shigar da zaman natsuwa na kwana goma wanda ake yi cikin shiru. A watan Afrilun 1994 fursunoni kimanin dubu suka yi shi a lokaci guda. Daga nan wasu gidajen yari a Amurka suka gwada. Wani bincike da Sarah Bowen da abokan aikinta suka wallafa a 2006, kan wani gidan yari a Seattle, ya nuna cewa waɗanda suka yi zaman sun rage shan giya da wiwi da hodar ibilis bayan an sallame su, fiye da waɗanda ba su yi ba. Amma su ne suka zaɓi shiga da kansu, don haka mai yiwuwa tun farko sun fi sauran niyya.

Game da taba, gwajin da Judson Brewer ya jagoranta a Jami'ar Yale, wanda aka wallafa a 2011, ya ƙunshi mutum 88. Bayan mako 17, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda suka samu horon natsuwa ba su koma ba, alhali kashi 6 ne kawai a ɗaya rukunin. Sai dai da cibiyar Cochrane ta tattara bincike 21 a 2022, ba ta samu hujja bayyananniya cewa wannan hanya ta fi sauran hanyoyin barin taba ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, kayan aiki ne mai amfani ga wasu, mai arha, amma ba laya ba ce.

Ba baƙon abu ba ne a Sakkwato

Wasu za su yi ɗari-ɗari da shi saboda zaman Tihar ya samo asali daga al'adar mabiya Buddha. Amma nau'in da ake koyarwa a asibitoci ba ya ƙunsar bauta ko ambaton wani abin bauta, kuma lura da zuciya tsohon darasi ne a zaurukan malaman Sakkwato. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumid Din kan muraƙaba da muhasaba, wato tsaron zuciya da yi wa kai hisabi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa sun tashi cikin tarbiyyar Ƙadiriyya mai wuridi da halwa. Duk mai salla ya san faman dawo da zuciya idan ta tafi kasuwa ana tsakiyar raka'a.

Babbar shaida ita ce azumi. Mutumin da ke rantsuwa ba zai iya awa biyu ba taba ba, yakan wuni tun daga alfijir har faɗuwar rana a zafin Sakkwato bai kunna ba. Sha'awar ta zo masa sau da yawa, ya bar ta ta wuce. Abin da horon ke nema shi ne ya gane cewa ya riga ya iya, sannan ya yi amfani da wannan iyawa bayan an sha ruwa da kuma bayan Ramadan. Malamai da fastocin da ke shiga gidajen gyaran hali wa'azi za su iya koyon dabarar cikin ɗan lokaci, su isar da ita da harshen da fursuna ya yarda da shi.

Inda dole sai da likita

Natsuwa ba ta maye gurbin asibiti. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin yakan sha wuya sosai idan ya yanke farat ɗaya, shi kuwa wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin sa barci, yankewar kwatsam tana iya jawo masa farfaɗiya har ta kai ga rasa rai. Mai taɓin hankali ko wanda ya ga tashin hankali mai tsanani shi ma doguwar zama cikin shiru tana iya dagula masa lamari. Irin waɗannan sai an fara duba su. Jihar tana da inda za a nufa: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma sashen ba da shawara na hukumar NDLEA.

Akwai kuma haɗarin da iyalai da yawa ba su sani ba. Bayan watanni ba a sha ba, jiki yakan rasa juriyar da ya saba da ita. Adadin ƙwayar da mutum ke sha a da yana iya kashe shi a yanzu, kuma makonni biyu na farko bayan sallama su ne mafi haɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Horon ya kamata ya fara tun mutum yana ciki, inda lokaci ya yi yawa kuma babu kuɗin da za a kashe in ban da tabarma da mai koyarwa. Sauran aikin yana hannun unguwa: wanda zai tarbe shi a bakin ƙofa, da ubangidan da zai ba shi abin yi tun makon farko, da mai unguwa ko liman da zai riƙa tambayar lafiyarsa. Mintocin da ya koyi jira a cikin ɗakin kulle za su yi amfani ne kawai idan, bayan guguwar ta wuce, yana da inda zai tashi ya nufa.