INTANET A GIDA BA TARE DA WAYAR GIRKE BA: HANYOYIN DA KE GABAN MUTANEN BANGI DA MAƘWABTANSU

A ƙaramar hukumar Bangi, cikin gundumar Madawa, daf da iyakar Nijeriya, ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 140. A ƙauyukan wannan yanki, haka nan a na Buza da Keita, da wuya a samu gidan da aka taɓa ja masa wayar girke, wato tarhon nan da ake ajiyewa bisa tebur, igiyarsa ta bi ginshiƙai har gidan waya. Duk da haka bukatar intanet ta shigo gidajen. Malamin makaranta yana neman takardun koyarwa, ma'aikacin likita yana aika rahoton wata, manomin albasa yana son jin farashi kafin ya ɗora buhunansa a mota, iyalan ƴan ci-rani kuma suna son ganin fuskar ɗansu da ke Abijan ko Libiya. Tambayar da magidanta ke yi ita ce: shin ana iya samun intanet mai ƙarfi a cikin gida ba tare da an jira wayar girke ba? Amsa ita ce ana iyawa. Sai dai hanyoyin uku ne, kowace da amfaninta da nauyinta, kuma ya kamata a san su kafin a kwance bakin jikka.

Yadda tarho da intanet suka rabu

Tun zamanin Turawa, sha'anin wasiƙu da tangaraho da tarho a hannun gidan waya yake. Bayan samun mulkin kai, ofishin OPT ne ya riƙe aikin. A shekarar 1997 aka kafa kamfanin SONITEL, aka ba shi harkar tarho, kuma a wajejen waɗannan shekaru ne intanet ya fara shigowa Nijar. A lokacin, wanda ba shi da wayar girke ba shi da rabo, domin ta cikin zaren tagulla na tarho saƙo yake bi. Da farko tafiyarsa tafiyar hawainiya ce, kuma muddin ana aiki da intanet ba a iya buga tarho. Daga baya aka zo da dabarar da ake kira ADSL, wadda ta ƙara sauri ƙwarai, amma tana da sharaɗi: dole gida ya kasance kusa da cibiyar tarho, domin bayan ƴan kilomitoci ƙarfin saƙon yakan mutu a cikin tagulla. Abin da ya sa ke nan ADSL ya tsaya a manyan birane da ofisoshin gwamnati, bai taɓa zama abin ƙauye ba.

Wayar salula ce ta canja al'amarin. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya ɗauki sunan Zamani. A 2016 gwamnati ta haɗe SONITEL da SahelCom, aka samu Niger Telecom. Waɗannan kamfanoni sun kakkafa dogayen ƙarafa a garuruwa da bakin hanyoyi, saƙo ya koma bin iska maimakon tagulla. Ta haka mutanen karkara suka tsallake wayar girke gaba ɗaya, suka faɗa zamanin salula kai tsaye.

Hanya ta farko: akwatin da ke kama rezo

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ƙaramin akwati da ake sa wa katin sim kamar na salula. Akwatin yana kama rezo daga ƙarfen kamfani, sa'an nan ya rarraba shi cikin gida ta hanyar wifi, har salula biyar ko goma da kwamfuta su yi aiki a lokaci guda. Ba a haƙa rami, ba a ja igiya, kuma idan maigida ya tashi yana iya ɗaukar abinsa.

Ƙarfin wannan hanya ya danganta da irin rezon da ke wurin. 2G na magana ne da gajeren saƙo. 3G yana ɗaukar hoto da murya. 4G, wanda ya fara aiki a Nijar a 2019, shi ne ke ɗaukar bidiyo da aikin ofis ba tare da yawan tsaiko ba. Ba kowane ƙauye ne ya samu 4G ba, kuma ko a gari guda wata unguwa takan fi wata. A ƙasar Adar, musamman wajejen Buza da Keita, yanayin ƙasa yana da nasa hukunci: ƙauyen da ke cikin kwari, tsauni ya tare shi, yana iya rasa rezo alhali na kan tudu yana samu sarai. Kaurin katangar laka da rufin kwano su ma suna rage ƙarfin saƙo.

Domin haka, matambayi ba ya ɓata. Kafin a sayi akwati, sai a ari salula mai katin kowane kamfani a gwada a cikin gidan, da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka fi taruwa a kan rezo ɗaya, saurin ya ragu. Idan ya yi rauni a ɗaki amma yana da ƙarfi a kan soro, ana iya ɗaure ƙaramar antan a kan dogon ƙarfe, a fuskantar da ita wajen ƙarfen kamfani, a sauko da igiya zuwa akwatin. A kuma tambayi mai sayarwa ko akwatin yana karɓar katin kowane kamfani ko kuwa an kulle shi a kan guda.

Mutanen bakin iyaka suna da abin lura na musamman. A yankin Bangi salula takan kama rezon Nijeriya da kanta, kuɗin da ke ciki ya zube ba a sani ba, domin lissafin waje ake yi mata. Maganin abin shi ne a shiga cikin saitin waya ko na akwati a zaɓi kamfanin gida da hannu. Dogaro da rezon maƙwabta ma yana da haɗari: a watan Satumba na 2021 hukumomin Nijeriya sun rufe layukan salula a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar ƴan bindiga, duk mai dogaro da su ya wayi gari ba shi da hanyar magana.

Hanya ta biyu: zaren gilashi

Zaren gilashi, wanda ma'aikata ke kira fibir, siriri ne kamar gashin kai, kuma da haske yake ɗaukar saƙo. Ya fi kowace hanya sauri da ɗorewa, ba ya kuma bukatar tarho. Babban zaren ƙasa ya bi hanyar kwalta daga Yamai zuwa Doso, Birnin Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram, wani reshe ya haura Tawa da Agadas. Bugu da ƙari, Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗin aikin zaren da ke ratsa Sahara, mai tsawon kilomita 1031 a cikin Nijar, domin haɗa ƙasar da Aljeriya, Cadi, Nijeriya, Benin da Burkina Faso.

Amfanin yawan ƙofofi a bayyane yake. Nijar ba ta da teku, alhali manyan igiyoyin intanet na duniya a ƙarƙashin teku suke kwance. A watan Yuli na 2009, da igiyar SAT-3 ta lalace, Nijar da Benin da Togo sun shiga matsala ƙwarai. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi da dama sun katse a gabar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka ji a jika. Ƙasar da ke da ƙofa ɗaya, idan aka rufe ta, ta zauna a duhu.

Sai dai wucewar zare a bakin kwalta ba shi ne shigarsa gida ba. Ja shi daga babbar hanya zuwa kowace ƙofa yana cin kuɗi mai yawa, shi ya sa kamfanoni ke farawa da manyan birane, bankuna da ofisoshi. Ga mutumin ƙauye, ribarsa a fakaice take zuwa: idan aka haɗa ƙarfen salula na garinsu da zaren, sai akwatinsa na gida ya ƙara sauri.

Hanya ta uku: tauraron ɗan adam

An daɗe ana samun intanet ta tauraron ɗan adam, amma tsofaffin taurarin suna da nisan kilomita dubu 36 daga ƙasa, saƙo yakan yi jinkiri, tsadar kuma sai manyan ƙungiyoyi da ma'aikatu. Kamfanin Starlink na Amurka ya harba dubban ƙananan taurari da ke shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, jinkirin ya ragu ƙwarai. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta samu aikinsa, a watan Janairu na 2023. Gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da shi a ƙarshen 2024, ya fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025.

Kayan aikin faranti ne da ake girkawa a fili ko kan rufi, inda itace ko gini bai tare masa sama ba, da akwatin wifi a cikin gida. Ba ruwansa da tsauni ko kwari, ba ya jiran ƙarfen kamfani, saboda haka ya dace da ƙauyukan da rezo bai kai ba. Nauyinsa shi ne kuɗin sayen kaya tun farko, da kuɗin wata da ake biya ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana shi na ɗan lokaci. Ya kamata kuma a yi hattara da kayan da ake shigowa da su ta bayan fage: farantin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko a wata ƙasa, yana iya tsayawa wata rana, mai shi ya rasa inda zai kai kuka. Araha ba ta ado.

Sai da wuta

Duk hanyoyin nan uku ba sa tafiya sai da lantarki. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido da ita ba sai a Maris na 2024, kuma ƙauyuka da yawa ba su ma taɓa ganin layin NIGELEC ba. A nan akwatin salula ya fi sauƙi, domin abin da yake ci bai wuce na ƙaramin ƙwan fitila ba: ƙaramin allon hasken rana da batir guda sun ishe shi. Babban farantin Starlink kuwa yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaraminsa yana cin 25 zuwa 40, don haka sai an tanadi allo da batir masu ƙarfi idan ana son aiki da dare. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke kwanciya a kan allon, da damina kuma a cire kaya daga wuta idan ana tsawa.

Lissafin maigida da haɗin kan jama'a

Ana sayar da intanet da awo, kamar hatsi. Giga ɗaya mega dubu ne. Saƙon rubutu da na murya ba su cin komai, amma kallon bidiyo na awa guda yana iya lashe kusan giga ɗaya. Gidan da bai san wannan ba yakan ga kuɗin wata ya ƙare cikin mako. Wajibi ne maigida ya tambayi yawan gigar da aka ba shi, da ranar ƙarewarta, da ko ana rage sauri bayan an kai wani adadi, domin kalmar "ba iyaka" da ake rubutawa a talla sau da yawa tana da sharaɗi a ƙarƙashinta. A sa wa wifi lambar sirri. A lura da abin da yara ke kallo. Kada a ba kowa lambar sirrin asusun kuɗi na salula, ko da ya ce daga kamfani yake.

Abin da gida ɗaya ba zai iya ba, unguwa za ta iya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun 1962 ƙungiyoyin sauraron rediyo suke tara jama'a a gindin akwati guda, bayan buɗe Télé Sahel kuma an girka akwatunan talbijin na jama'a masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Haka nan ƙungiyar manoman albasa, ko ta iyayen yara, ko ta mata, za ta iya sayen faranti ɗaya, ta naɗa mai kula da shi, ta rubuta shiga da fita a littafi. Wanda yake son sayar wa jama'a wifi domin riba kuwa, sai ya fara tuntuɓar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 domin kula da harkar sadarwa da gidan waya, ya san sharuɗɗan doka.

Kira ga mahukunta

A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 ta Amurka domin shirin ƙauyukan zamani, wanda aka danƙa wa hukumar ANSI, da nufin kai rezo ga ƙauyuka fiye da 2000. Magadan gari da sarakunan gargajiya su ne suka san ƙauyen da mutane ke hawa tudu ko itace kafin su buga waya. Lalle ne su rubuta sunayen waɗannan ƙauyuka su miƙa wa hukumomin gunduma da na jiha, su kuma sauƙaƙa bayar da fili da tsaron ƙarafan kamfanoni. Bangi, wadda ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihar Sakkwato tun ƙarshen 2021, tana cikin wuraren da saurin isar labari ke iya ceton rai. Gidan likita, makaranta da ofishin magajin gari su ne ya kamata a fara haɗawa, domin idan suka samu, jama'ar gari duka ta samu.