In Kulocin Mota Ya Yi Tauri

A ƙasar Ingila akwai wani gari kusa da Oxford, sunansa Abingdon. A nan ne kamfanin MG ya riƙa ƙera wata 'yar mota mai gudu da ake kira MGB. Irin wadda aka fi sani wurin zaman mutum biyu gare ta, ana kuma iya yaye rufinta a sha iska. An soma ƙera ta a 1962, aka daina a 1980. A cikin shekarun nan an yi fiye da 500,000, da yawa daga cikinsu aka kai Amurka. Har yanzu akwai masu riƙe da su, suna tattalinsu kamar yadda mai doki ke tattalin dokinsa.

To, tsohuwar mota ba ta rasa ciwo. Ciwon da za mu duba yau shi ne taurin kuloci, watau direba ya taka feda ta hagu ya ji kamar dutse yake takawa. Mai irin wannan mota yana wahala. Ƙafarsa ta gaji, giya ta ƙi shiga sosai, in kuwa cikin cunkoso ne har ya iya yin karo.

Mu fara sanin aikin kuloci. Inji yana juya wani babban faifan ƙarfe. Akwatin giya shi ma yana da nasa faifai, mai faɗin inci 8. Wani sifirin mai ƙarfi ke matse faifan nan biyu, su riƙa juyawa tare, ƙarfin inji ya kai ga ƙafafun mota. In direba ya taka kuloci sai su rabu, sa'an nan ya sami damar sauya giya.

Amma ƙafar direba tana nesa da faifan. Me ke kai saƙo? A MGB mai ne, irin man birki. Feda tana tura wata silinda ta sama, wadda makanikai ke kira masta. Ita kuwa aikinta kamar na sirinjin likita ne. Ta turo mai cikin bututun ƙarfe, ya bi ta wani ɗan tiyon roba, ya isa silinda ta ƙasa da ke jikin akwatin giya. Wannan ta tura wata sanda, sandar ta danna wani zobe, zoben ya danna sifirin. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa in an tura shi nan sai ya yi turi can.

Kun ga hanya ce mai zango da yawa, kuma ko wane zango yana iya kawo tauri. Wurin nan ne ake asarar kuɗi. A wannan mota ba a isa ga faifan kuloci sai an sauke inji gaba ɗaya, aiki ne babba mai tsada. Makaniken da ya taka feda sau ɗaya ya ce a sauke inji, a ganinmu ya yi gaggawa. Sau da yawa ciwon yana waje, inda hannu ke kaiwa.

Saboda haka a fara daga ƙafa. Akwai wata 'yar ƙusa da ta haɗa feda da sandar masta. A zare ta, a kaɗa feda da hannu. In ta tafi ta komo ba wuya, lafiyarta lau. In ta cije, tsatsa ce ta kama wurin da take lilo. A kwance, a goge, a shafa giris, shi ke nan. A dubi ƙusar ita ma, gama takan cinye, raminta ya faɗaɗa.

In feda ba ta da laifi, a mai da ƙusa a shiga ƙarƙashin mota. Amma kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi. A jikin silinda ta ƙasa akwai ɗan noti na fitar da iska. A sa masa siririn tiyo zuwa cikin kwalba, a sassauta shi kaɗan, wani ya taka feda a hankali. A ɗaure notin kafin ya ɗaga ƙafa, don kada iska ta shiga.

Wannan gwaji shi ke raba gardama. Gama yanzu man ya sami ƙofar fita, ba ya tura kome. In feda ta ci gaba da tauri, to, ciwon yana sama: ko masta ta cije, ko hanyar mai ta toshe. Abin da ya kamata a fara zargi shi ne tiyon roba. In ya tsufa yakan kumbura daga ciki, hanya ta ƙuntata, alhali daga waje ka ce sabo ne. Alamarsa ita ce kuloci yana jinkirin kamawa bayan an ɗaga ƙafa. Kuɗinsa kuwa ba yawa.

Masta takan cije don dalili biyu. Man birki yana shan laima daga iska, in ya shekara da yawa ba a sauya ba sai tsatsa ta kama ciki. Na biyu ya fi muni: wani ya zuba man inji a maimakon man birki. Man inji yana kumbura robobin ciki, sai an sauya su duka. Akwai kuma wanda zai sa masta ta wata mota, mai faɗin ciki fiye da ta asali. Ita lafiyarta ƙalau, amma sai an ƙara ƙarfin ƙafa kafin ta yi aiki.

Wani abu da kan ruɗi mutane shi ne iska. In iska ta shiga cikin man, feda laushi take yi kamar soso, ba tauri ba. Wanda ya wuni yana fitar da iska don maganin tauri ya ɓata mai a banza.

In kuwa da aka sassauta noti feda ta faɗa ƙasa ba wuya, ciwon yana gaba. A kwance silinda ta ƙasa, a tura cikinta da yatsa, a gani ko tana motsi. In ita ma lafiya take, yanzu ne maganar sauke inji ta yi daidai. Irin sifirin ɗin MGB, faifai yana cinyewa feda tana ƙara tauri. Don haka taurin da ya zo sannu sannu cikin shekaru, galibi tsufan faifai ne. Wani lokaci kuma an sa sifirin na motar tsere ne, wanda da ma mai tauri ne.

Tun da an sauke inji, a sauya uku tare: faifai, da sifirin, da zobe. Zoben nan da irin baƙin abin da ke cikin fensir aka yi shi, yana kuwa cinyewa duk lokacin da ƙafa ke kan feda. Shi ya sa masu MGB ke sa giya a firi in sun tsaya jira, su ɗauke ƙafa. Ƙurar da ke cikin gidan kuloci kuma kada a hura ta da baki. Faifan dā da asbesto ake yin su, ƙurarsa tana lalata huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.