2.4 Ƙananan Maɗaba'u da Makomar Rubutacciyar Waƙa

Bayan rushe Hukumar NORLA a shekarar 1959, kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya ci gaba da buga waƙoƙi, misali Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu. Sai dai tsadar takarda da ta biyo bayan shirin SAP na 1986 ta gurgunta manyan kamfanonin ɗab'i. Wannan ya sa marubuta suka koma ga ƙananan maɗaba'u, musamman a Kano, suna bugawa da kuɗinsu. Da yake littattafan soyayya ne suka fi kasuwa, marubuta waƙoƙi da dama sun dogara ga rediyo da jaridu. Illar hakan ita ce, waƙar da ba a buga ba takan salwanta da zarar mai ita ya rasu.